Kuɗɗin korona da akwatin meri

Girbin 2021 ya shigo, kuma a lokacin, da shigowar girbi majalisun komin ke fara shirin zaman da ya fi kowane zama nauyi a shekara, wato zaman kasafin kuɗi, wanda ma'aikatan meri ke ce wa bidje. A wannan zaman ake yanke abin da za a karɓa hannun talakawa a shekara mai zuwa, da abin da za a yi da shi. Shekarar 2021 ce karo na farko da konseye da muka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 za su tsara kasafin shekara sukutum da hannunsu. A cikinsu akwai mata fiye da da, wasu ma ƴan asusu ne irinmu.

Sai dai duk inda muka zaga cikin ƙungiyoyi muna faɗin haka, tambaya guda ke tare mu: "To, kuɗɗin korona fa? An ce an kawo miliyoyi, ina suka shiga?" Wata ta ce magajin gari ne ya danne, wata ta ce masu unguwa ne suka rubuta danginsu, wata kuma ta ce ai babu wani kuɗi, surutun rediyo ne. Muka ga gara mu zauna mu warware zaren, don wadda ba ta san ƙofar da kuɗi ke shiga ba, ba ta san inda za ta tsaya ta yi tambaya ba. Garinmu ƙaramin birni ne a jihar Maraɗi, mai kasuwar mako da tasha da kwata da lakkol-lakkol. Abin da za mu faɗa a kansa, ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa za su gane shi kamar nasu.

Mu ɗan waiwaya

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar. Cikin ƴan kwanaki an rufe lakkol, an rufe iyakoki, an hana taron da ya wuce mutum 50, har sallar jam'i a masallatai aka dakatar, abin da ya tada hankali a Mirya da wasu wurare. Yamai aka killace ta, ba shiga ba fita, ga dokar hana fitar dare. Sai ranar 13 ga Mayu, cikin azumi, aka buɗe masallatai, yara kuma suka koma lakkol ranar 1 ga Yuni.

Cutar gaskiya ce, ta ɗauki rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma mu nan kudu abin da ya fi shiga tukunyarmu shi ne tsayawar nema. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, namu ɓangaren kuwa sai Yunin 2021 aka buɗe iyakokin ƙasa. Korona ta tarar da mu da rauni, ta ƙara danna wurin. Mai tuyar ƙosai a ƙofar lakkol ta rasa masu saye. Mai abincin tasha ta rage tukunya. Mai lalle da kitso, mai dafa abincin biki, mai hayar tabarmi da kujeru, duk suka zauna, tunda biki da suna sun koma na ƴan gida. Ɗiyanmu da ke ci-rani a Najeriya da Libiya da Aljeriya da Abijan, aikensu ya yanke. Kafin mu miƙe, daminar 2020 ta zo da ambaliya, ta zubar da gidajen ƙasa ba iyaka, jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi muni.

Miliyar 597 da aka ji a rediyo

A ƙarshen Maris ɗin nan, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi wa ƙasa jawabi, aka ji ana batun tsarin yaƙi da cutar na miliyar 597 na sefa. Daga baya lissafin ya haura miliyar 1,400. Wannan adadin ne ya zauna a kan mutane har yau.

Mu ƴan asusu ya kamata mu fi kowa gane abin da ke nan. Ranar ba da bashi, in aka tambayi kowace mace abin da take bukata, sakatariya ta haɗa, za a iya samun jika 400. In aka buɗe akwati aka ƙirga, wataƙila jika 150 ne a ciki. Na farko lissafin bukata ne, na biyu shi ne abin da ke hannu. Waɗannan miliyoyin lissafin bukata ne da gwamnati ta yi, ta ce ga abin da za ta sa, ga abin da take neman abokan hulɗa su kawo. A ciki har da asarar da ƙasa za ta yi ta fannin kuɗin shiga, da tallafin kamfanoni, da kayan asibiti. Abin da ya shigo kuma ba duka kyauta ba ne: a watan Afrilu 2020 asusun FMI ya ba Nijar kimanin dalar Amurka miliyan 114, kuma rance ne, ya shiga baitulmalin ƙasa. Bankin Duniya ya ba da kusan dalar Amurka miliyan 14 a wannan watan don aikin lafiya, gwaji da kayan kariya da makamantansu.

To wane ne ya iso ƙofar gidan talaka? Mu ga hanyoyin da muka sani.

Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin amfani kuɗin wuta da na ruwa na watan Afrilu da Mayu 2020. Wannan tsakanin gwamnati ne da kamfanonin wuta da ruwa, bai bi ta meri ba. Ya yi wa masu shi daɗi, amma gidan da ba shi da kontar wuta, me za a yafe masa? Yawancin matan ƙungiyoyinmu da tocila suke kwana.

Akwai hatsi mai rangwame na OPVN, buhu mai kilo 100 a jika 13, wanda aka saba sayarwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kuma rabon hatsi kyauta ga gidajen da suka fi galabaita. Wannan tsohon tsari ne, korona ta sa aka ƙara masa ƙarfi. A nan meri tana da hannu, don kwamitin komin ke tsaya wa sayarwa da rabo. Amma hatsin ba nata ba ne, kuɗin da aka sayar kuma ba ya zama a akwatinta.

Sai tsarin Wadata Talaka, wanda a lokacin ke ƙarƙashin ofishin firaminista da tallafin Bankin Duniya. A lokacin, a aikinsa na kullum yana ba gidajen da aka zaɓa jika 15 kowane wata har shekara 2, kuma hannun mace ake sa kuɗin. Saboda korona aka ƙara wani biya na sau ɗaya, jika 45 ga kowane gida, ya kai ga dubban ɗaruruwan gidaje a faɗin ƙasa. Jika 45 ba wasa ba ne, mun ga waɗanda suka tada jarinsu da shi. Amma ba kowace komin aka shiga ba, kuma inda aka shiga ba kowane gida ba.

Ragowar shi ne na ONG da porje-porje da masu hali na gari: bokitin wanke hannu a bakin kasuwa da likita, sabulu, ƙyallen rufe baki da hanci, shela a rediyon karkara. Sau da yawa a harabar meri ake jibge kayan, a ɗauki hoto da magajin gari, shi ya sa mai wucewa ke ɗauka daga aljihun meri suka fito.

Kun ga ke nan, mafi yawan taimakon korona ya wuce ta gaban ƙofar meri ne, bai kwana a akwatinta ba. Abin da ya bi ta hannunta shi ne sunaye: wa za a rubuta, wa za a kira, a ina za a tsaya layi. Za mu komo kan wannan, don a nan ne ƙurar take.

Da me ake cika akwatin meri?

Nijar tana da komin 266, 214 na karkara, 52 na birni. Tun zaɓen 2004 aka fara wannan tafiya ta gari ya riƙe kansa, dokar da ke tafiyar da ita a 2021 kuwa ta 2010 ce. Komin tana da akwatinta, kuma ba daga sama ake cika shi ba. Akwai lanho da masu gari da masu unguwa ke tarawa. Akwai tiketin kasuwa, wannan ƴar takardar da ake yanka mana in mun baza kaya. Akwai kuɗin tasha, na kwata, na kasuwar dabbobi, hayar rumfuna da shaguna, kuɗin sa hannu a takardu, da kuɗin filaye in an yanka. Akwai harajin da ma'aikatan gwamnati ke karɓa su maido wa komin kasonta. Akwai tallafin gwamnati da ke biyowa ta hukumar ANFICT, wadda aka kafa da dokar 2008. A 2016 an miƙa wa komin wani ɓangare na nauyin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, kuma magadan gari sun daɗe suna kukan an ba su kaya ba a ba su jakin ɗauka ba.

Yanzu ku duba abin da korona ta yi wa wannan akwatin. Motoci sun ragu a tasha, kuɗin tasha ya ragu. Fataken Najeriya ba su zo sayen bisashe ba, kasuwar dabbobi ta yi sanyi. Mai gidan da ɗansa bai aiko ba, da me zai biya lanho? Shekarar kuma ta zaɓe ce, wa zai matsa wa talaka ya biya yana neman ƙuri'arsa? A lokacin da mutane ke zaton meri ta cika ta batse, a garuruwa irin namu masu shara da masu gadi suna bin albashin watanni.

Ba wanke kowa muke ba. Akwatin da ba a buɗe shi gaban jama'a, ko babu komi a ciki sai an zargi mai riƙe da shi, kuma wani lokacin zargin yana da tushe. Ga wani abu kuma: majalisun da korona ta tarar tun Janairu 2011 aka zaɓe su, na shekara 5, aka yi ta ƙara musu wa'adi har kusan shekara 10. A wasu wuraren ma an tuɓe magajin gari an naɗa wakilin gwamnati. Wanda ya daɗe bai koma gaban masu zaɓe ba, sai ya manta da yi musu bayani. Su ma masu zaɓen sai su manta suna da ikon tambaya.

Zaman majalisa, abin da ake ganin ba shi da daɗi

A 2021, doka ta ce majalisar komin ta zauna zaman ƙa'ida kowane wata 3, sau 4 ke nan a shekara. A lokacin zaman a buɗe yake, kowane ɗan gari yana iya shiga ya saurara, sai in an yanke a yi wata magana a keɓe. Mai saurare ba ya magana, ba ya ƙuri'a. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokokin yankin suna zama su ba da shawara, amma konseye ne kaɗai ke ɗaga hannu. Abin da aka yanke ana aika wa prefe ya duba ko bai saɓa doka ba.

Tsarin kuɗin ma ba baƙonmu ba ne. A lokacin magajin gari shi ke ba da umurnin a kashe, amma ba shi ke riƙe kuɗi ba, akwai mai ajiya da ake ce wa resebar. Kamar dai mu: shugaba daban, mai akwati daban, masu makulli daban, masu ƙirga daban. Kasafin kashi biyu ne, na tafiyar da aiki, albashi da mai da takardu, da na gina gari, aji da rijiya da rumfa da magudanar ruwa. Doka ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na kullum don gina gari. Ku riƙe wannan adadin, zai yi muku amfani. In shekara ta yi tsanani, wannan kason ne ake fara taɓawa, don albashi yana da baki, magudanar ruwa ba ta da shi.

A zaman da ya wuce haɗakar ƙungiyoyinmu ta aika mata huɗu su saurara. Sun dawo suna dariya, wai sun kusa barci. An karanta rahoton zaman baya da Faransanci, aka fassara guntu-guntu. An yi gardama kan man motar kwashe shara. An yi maganar rufin kwata da iska ta yaye, da azuzuwan zana da sai an sake su kowace shekara bayan damina, da bashin albashi, da gyaran kasafi saboda kuɗin da aka sa rai bai shigo ba. Amma da muka sa su maimaita mana dalla-dalla, sai muka ga duk maganar gidajenmu ce. A cikin wannan zaman mai sa hamma aka kawo shawarar ƙara kuɗin hayar rumfunan kasuwa, kuma yawancin masu ƙananan rumfunan mata ne. A ciki aka ɗage aikin kwalbatin unguwar da ruwa ya ci a 2020, aka ce sai wata shekara. Iyayenmu mata da suka kwana a lakkol da ƴan tsummokaransu lokacin ambaliya, ba wadda ta san a wannan ɗakin ake yanke ko za su sake kwana can.

Ɗaya daga cikin waɗanda muka aika, dattijuwa ce, ta ce da mu: "Ɗiyana, ashe shekara da shekaru muna biyan kuɗin abinci, ba mu taɓa leƙa madafa ba."

Maganar sunaye

Nan za mu ɗan daɗe, don nan ne mata suka fi cutuwa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi.

Taimakon gaggawa sunansa gaggawa. Mai kawo shi ba shi da wata uku na bin gida-gida. Yana zuwa ne ya tambayi abin da ke rubuce: rajistar iyalai ta meri, jerin da masu unguwa suka riƙe, sunayen ƙungiyoyin da ke da takardar amincewa. Ranar biya kuma a ce kowa ya nuna shaida. Wanda ke cikin takardun yau da kullum, shi ake gani ranar tsanani. Wanda ba ya ciki sai ya dogara da wani ya tuna da shi.

Su wa ba sa ciki? Matar da mijinta ya rasu, har yanzu tana ƙarƙashin katin iyalin mamaci ko na ƙanen miji, alhali ita ke ciyar da marayu biyar. A takarda ba gida ba ce. Matar da aka saki ta koma gidan uba da ɗiyanta. Matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara uku, katin yana aljihunsa. Kishiyoyi uku kowace da tukunyarta, amma an ƙirga su gida guda. Tsohuwar da ba ta taɓa yin takardar haihuwa ba, balle katin ɗan ƙasa. Cikin ƙungiyoyinmu mun ga wadda aka kira sunanta, ta kai gaban tebur, aka ce ina shaida, ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai da mai unguwa ya zo ya tsaya mata, rana ta yi tsaka, ta ga wulaƙancin da bai kamace ta ba. Mun ga kuma wadda sunan da ke katinta daban, wanda unguwa ta san ta da shi daban, aka yi ta kira ba ta amsa ba.

Duk waɗannan takardun aikin meri ne na kullum, wanda ba a yi masa shela. Shaida haihuwa kyauta ne, kuma dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi shi, a likita ko wurin mai rubutawa na gari. In kwanakin suka wuce sai an bi ta wurin alƙali, da shaidu da kashe kuɗi. Akan shirya zaman alƙali na musamman a gari ko ƙauye, a yi wa mutane da yawa takarda lokaci guda, amma sai wani ya nema, sai kuma an sa kuɗin mai da na takardu a kasafi, ko an samo porje da zai ɗauka. Haka rasuwa da aure da saki, duk ana shaida su. Mun san ba a son maganar takarda ranar makoki. Amma takardar rasuwar miji ita ce ke buɗe wa mai takaba hanyar a san ta a matsayin mai riƙe da gida.

Ƙungiya ma haka take. Wadda ke da takardar amincewa daga meri, in an zo neman mata masu ɗinkin ƙyallen rufe baki ko masu haɗa sabulu, ita ake kira. Mun ga ƙungiyoyi masu ƙwazo, shekara 10 suna zubi ba faɗa ba ɓatan dala, amma ba a san da su ba a ofis, aikin ya wuce su.

Wani gefen kuwa ba na takarda ba ne, na hali ne. Jerin sunayen da aka rubuta a zaure da dare, ko na Allah ne sai an ce an yi son kai. Maganinsa kowa ya san shi: a faɗi sharaɗi tun farko, a karanta sunaye a dandali da rana, a bar kwana biyu ko uku na ƙorafi, a sa mata cikin masu tantancewa. Mace ta san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Mai unguwa, duk kirkinsa, iyakarsa zaure.

Abin da asusu ya yi a lokacin

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ba mu ga shekarar da ta gwada akwatunanmu kamar 2020 ba. Wasu ƙungiyoyi sun rage zubi daga dala 100 zuwa dala 50. Wasu sun yafe tarar makara, sun ƙara wa masu bashi wata biyu. Asusun taimako, wannan ƴar dala 5 ko dala 10 da muke jefawa gefe, shi ya sai wa wasu tiyar hatsi, ya kai wasu likita. Akwai ƙungiyoyin da suka durƙushe, ba mu ɓoye ba, musamman inda jarin mata ya dogara da kayan Najeriya.

Taimakonmu bai kai jika 45 ba, ko kusa. Amma cikin mako yake isa, kuma ba a taɓa jin an ce an rubuta wadda ba ta cancanta ba. Dalili, littafinmu a rubuce yake tun kafin wahala ta zo, kuma kowane mako ana ƙirga kuɗi da ƙarfi gaban kowa, har wadda ba ta yi yaƙi da jahilci ba ta san abin da ya rage a akwati. Wannan ɗabi'ar muke so mu ɗauka mu kai meri. Ba wani ilimin boko ba ne.

Ƴan uwanmu konseye

Dokar kaso da aka gyara a 2019 ta ɗaga rabon mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin 100, shi ya sa majalisun da aka zaɓa a 2020 suka fi na da yawan kallabi. Alhamdu lillahi. Amma kujera kawai ba ta magana. Matar da aka miƙa wa takardu masu shafi 30 da Faransanci da safiyar zama, ga manyan gari sun cika ɗaki, ga jam'iyya ta ce mata ga inda za ta ɗaga hannu, in ta yi shiru kada mu yi saurin zaginta. Tana da ikon ta ce a ba ta takardun tun kafin ranar, ta ce a fassara da Hausa, ta ce a rubuta tambayarta cikin rahoto. Kuma tambaya tana fin nauyi in ta waiga ta ga mata 20 zaune a bayan ɗaki, sun yi shiru, kowace da littafinta. Wata konseyen da ke cikin asusu ta ce mana ranar da ta ga ƴan ƙungiyarta a benci, muryarta ma sai da ta canza.

Abin da za mu kai zaman 2021

Haɗakarmu ta zauna ta tsayar da abin da za ta miƙa ta hannun konseye mata, da duk namijin da ya yarda ya ɗauka. Muna so a karanta a fili abin da ya shigo garin nan da sunan korona da ambaliya daga 2020 zuwa 2021, wanda ya bi ta akwati da wanda aka sauke a haraba kawai, wa ya kawo, unguwa nawa ta samu. In meri ba ta riƙe dala ba, wannan karatun shi zai wanke ta. Muna so a faɗa mana abin da tiketin kasuwa ya tara a 2020 da 2021, da ko an cika kashi 45 ɗin nan na gina gari. Muna so a sa layi a kasafi na zaman alƙali don takardun haihuwa, a fara da zawarawa da masu marayu da yaran da ke gab da jarrabawa. Kwalbatin da aka ɗage, a maido shi kafin damina. Hayar rumfa kuwa, in za a ƙara, a fara gyara rufin da ke yoyo.

Mu ma da namu aikin. Kowace sakatariya ta buɗe shafi a bayan littafi ta rubuta wadda ba ta da takardar haihuwa, wadda ba ta da katin ɗan ƙasa, da wadda ke riƙe da gida ita kaɗai. Ƙungiyar da ba ta da takardar amincewa ta tambayi sakataren meri abin da ake bukata tun yanzu. Ranar zama ana liƙa ta a allon meri, amma kada a jira allo, wakiliya ta je ta tambaya da bakinta, ta sanar da na ƙauye da wuri don su haɗa kuɗin mota.

Sai batun tike. Akwai al'adar da ta zauna a kasuwanni, mai karɓa ya ce kawo rabi ba sai na yanka miki ba. Mai kaya tana ganin ta ci riba, alhali wannan rabin ba ya isa akwati, kuma gobe in ta ce ina rumfa, a ce mata me kika biya. Daga wannan makon, duk wadda ta baza kaya ta biya cikakke ta karɓi takardarta, kada ta yar, kada ta ƙulle gishiri a ciki. Ta kawo wa sakatariyar ƙungiyarta ranar zubi. Za mu tara na makonni huɗu, mu ɗaure su ƙungiya-ƙungiya, mu ƙirga a gaban kowa, mu ba konseye adadin su shiga da shi.